Oba-oba da Matsattsen Zango: A Wuyan Wa Alhakin Yake?

Ranar 1 ga Janairu, 2013, wa'adin da hukumar sadarwa ta Amurka, wato FCC, ta ɗiba tun ƙarshen shekarar 2004 ya cika. Daga wannan rana, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da kamfanonin jiragen ƙasa da makarantu, da duk wani mai lasisin amfani da rediyon magana irin wanda Bahaushe ya laƙaba wa suna oba-oba, tilas ne su bar layi mai faɗin kilohaz 25 su koma mai faɗin 12.5, muddin suna aiki a tsakanin megahaz 150 zuwa 174 ko 421 zuwa 470. Dalilin a fili yake. Sararin igiyoyin rediyo gonar gado ce, ba ta ƙaruwa, magada kuwa kullum ƙaruwa suke yi. Idan aka raba kowace kunya biyu, sai a sami gurbin da za a ba wani.

Kafin a yanke hukunci a kan wannan mataki, ya kyautu a san abin da aka matse. Oba-oba na gargajiya yana ɗora murya a kan igiyar rediyo ne ta hanyar FM, dabarar da Edwin Armstrong ya yi wa rajista a 1933. A wannan dabara ƙarfin igiyar ba ya sauyawa. Abin da ke faruwa shi ne murya tana sa igiyar yin lilo sama da ƙasa a kewayen zangon da aka ba ta, kuma gwargwadon ƙarfin murya, gwargwadon nisan lilon. A tsohon tsari an yarda lilon ya kai kilohaz 5 ta kowane gefe, a sabon kuwa ba zai wuce 2.5 ba. Akwai wani lissafi da ake dangantawa da John Carson, injiniyan da ya yi rubutu a kan batun tun 1922: a haɗa nisan lilo da mafi siririyar muryar da ake aikawa, wadda ke kusan kilohaz 3, a ninka biyu. Tsohon tsari ya ba da 16, sabo ya ba da 11. Ke nan sigina mai faɗin 11 aka zaunar a ɗaki mai faɗin 12.5, tazarar da ta rage tsakanin maƙwabci da maƙwabci ba ta taka kara ta karya ba.

A nan ne gizo ke saƙa. Matsattsen zango yarjejeniya ce da ba ta tsayuwa sai kowa ya cika ta. Idan rediyo mai faɗin lilo ya yi magana da mai matsattse, muryar za ta fito da ƙarfi amma a dagule, sannan rarar siginar ta malala cikin layin maƙwabci. Idan aka juya, mai matsattse ya yi magana da mai faɗi, sai muryar ta fito ƙasa-ƙasa kamar ta mai raɗa, ga shi kuwa mai sauraro yana iya kasancewa ɗan kwana-kwana ne a tsakiyar ƙarar injin ruwa. Ko da kowa ya bi ƙa'ida, akwai farashin da aka biya, domin rage lilo yana rage fifikon murya a kan shuuwar da ke bayanta, shi ya sa wuraren da a da ake jin magana da ƙyar a bakin iyakar sigina suka zama ba a ji sam, wasu hukumomi suka ƙara hasumiyoyi. Haka kuma an tsananta a kan zamewar zango: rediyon hannu a wajen megahaz 450 ba a yarda ya goce fiye da kashi 2.5 cikin miliyan ba, wato ɗan abin da ya haura kilohaz 1.

Wannan duka shi ne ma'anar hatimin amincewa da ake gani a bayan batir. Lambar FCC da ke wurin shaida ce cewa an kai samfurin na'urar ɗakin gwaji, an auna faɗin siginarta da ƙarfinta da tsayuwar zangonta a zafi da sanyi, an kuma auna ɓaraguzan da take zubarwa a inda ba nata ba. Batun ɓaraguzan nan ya cancanci a tsaya masa. Kowace na'urar aikawa tana haifar da wasu sigina a ninkin zangonta, sai an sa mata matata ta tare su. Rediyon da ke magana a megahaz 146, idan matatarsa ta kasa, zai riƙa tari a 292, kuma 292 tana cikin yankin da jiragen saman soja ke amfani da shi. Mai riƙe da shi ba zai taɓa ji ba, don kunnensa yana kan 146. Akwai kuma wani sharaɗi a sashe na 90 na dokokin FCC da ba a cika ambata ba: rediyon aiki bai kamata ya zama wanda mai riƙe da shi zai iya danna kowane zango da ya ga dama daga madannan gaba ba. Ƙwararre ne ke tsara masa layukan da lasisi ya ba shi, shi kuwa ya zaɓa daga cikinsu.

Sai ga shi a 2012, ana saura 'yan watanni wa'adin ya cika, wani ɗan rediyo ƙirar Sin mai suna Baofeng UV-5R ya shigo kasuwa a kan kuɗi ƙalilan, alhali takwarorinsa na manyan kamfanoni ɗaruruwan daloli ake sayar da su. Yana da madannai, yana karɓar duk zangon da aka danna masa daga megahaz 136 zuwa 174, ciki har da 156.8, wanda shi ne layin neman agaji na jiragen ruwa a duk duniya. A cikin jerin saitinsa akwai wani gurbi guda da ke ba da zaɓi tsakanin faɗi da matsi. Aikin da hukuma ta shafe shekara takwas tana shiryawa, wanda hukumomin garuruwa suka kashe maƙudan kuɗi don cika shi, an mayar da shi maɓalli a hannun wanda galibi bai san me haruffan ke nufi ba. Ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta Amurka, ARRL, ta yi shekaru tana auna rediyoyin da mahalarta tarukanta ke zuwa da su, ta kuma tarar da cewa da yawa daga cikin masu arahar suna zubar da ɓaraguzai fiye da ƙima.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne na'urar tana da lambar amincewa. Samfurin da aka gwada ya ci jarrabawa, amma abin da ke cika kwantena yana yin abubuwan da takardar shaidar ba ta ambata ba. A watan Satumba na 2018 FCC ta fitar da gargaɗi cewa haramun ne a shigo da irin waɗannan rediyoyi ko a tallata su ko a sayar, ta kuma ambaci tarar da ta kusa dala 20,000 a kowace rana. A 2021 hukumar sadarwa ta Jamus ta hana sayar da wannan ƙirar a ƙasarta. Duka matakan biyu daidai ne, sai dai sun zo bayan miliyoyin na'urori sun riga sun shiga hannu, ihu ne bayan hari.

Masu kare rediyon araha suna da hujja, kuma ba a kyauta ba idan aka yi watsi da ita. Ya buɗe ƙofar ilimin rediyo ga ɗalibai da talakawan da a da farashi ya kore su. Mai lasisin sha'awa a Amurka doka ta yarda masa ya ƙera na'urarsa da kansa ma, matuƙar siginarsa tana da tsabta. Amma shi wannan ya zauna jarrabawa, ya san mene ne lilo, alhakin siginarsa yana wuyansa bisa sani. Mai gadin kanti ko mai shirya biki da ya sayi rediyo biyu ta intanet bai san akwai wani abu wai shi zango ba, kuma ba adalci ba ne a ce shi zai tsare dokar da injiniyoyi suka rubuta wa injiniyoyi. Turai ta nuna cewa akwai mafita: rediyon PMR446, wanda kowa ke iya saya ba tare da lasisi ba, an ƙulle shi a rabin wat, da eriyar da ba a cirewa, da layuka masu faɗin 12.5 da ba a iya sauyawa. Ko mai shi ya so yin ɓarna, na'urar ba za ta biye masa ba. Alhakin ya kamata ya tsaya a kan maƙeri da mai shigo da kaya da dandalin da ke sayarwa, kuma gwaji ya riƙa bin kayan da ke kan kanta, a sayo su kamar yadda kowa ke saye a auna, maimakon a dogara da samfurin da kamfani ya zaɓa da hannunsa.

Matsin ma bai ƙare ba. Tsarin DMR, wanda cibiyar ƙa'idojin sadarwa ta Turai ta fitar a 2005, yana mayar da murya lambobi, ya sa mutum biyu su riƙa karɓa-karɓa a cikin layi guda mai faɗin 12.5, cikin saurin da kunne ba ya ganewa. Tsarin NXDN na kamfanonin Icom da Kenwood kuwa ya tsaga layin ne zuwa 6.25. Rediyon lambobi ba ya shuuwa a hankali kamar na FM. Yana nan garau, sai kawai ya yanke. Maƙwabci mai malalar sigina a irin wannan unguwa yana iya ɗauke magana ɗungurungum.

Irin waɗannan rediyoyi sun iso kasuwannin Nijeriya, ana ganinsu a hannun masu gadi da 'yan sintiri. Dokar sadarwa ta 2003 ta ɗora wa hukumar NCC aikin tantance na'urorin sadarwa kafin a sayar da su a ƙasar, don haka ikon yana nan a rubuce. Wurin amfani da shi shi ne tashar jiragen ruwa ta Apapa da rumbunan dillalai, tun kwalayen suna a ɗaure.