Waiwaye: Yankees da Kujerar Kocin da Ba Ta Ɗumi

A wasan besbol na Amurka babu ƙungiyar da ta kai New York Yankees yawan kofin World Series, har sau 27. Wanda ya bi tarihin kociyoyinta zai ga mafi yawan kofunan nan sun zo ne a lokutan da mai ƙungiya ya bar kocinsa ya yi aiki.

Miller Huggins ya karɓi ƙungiyar a 1918. Ɗan ƙaramin mutum ne, ga shi yana jan ragamar Babe Ruth, tauraron da ya fi kowa suna a ƙasar. A 1925 rashin ɗa'ar Ruth ta kai wa Huggins iya wuya, ya dakatar da shi, ya ci shi tarar dala 5,000. Ruth ya yi zaton mai ƙungiya, Jacob Ruppert, zai goyi bayansa. Ruppert ya tsaya bayan kocinsa, dole Ruth ya sauko ya ba da haƙuri. Kofuna biyu suka biyo baya, a 1927 da 1928. Joe McCarthy ya zauna a kujerar koci daga 1931 zuwa 1946, ya ci kofi bakwai. Casey Stengel ma bakwai ya ci tsakanin 1949 da 1960, biyar daga ciki a jere.

Sai George Steinbrenner ya sayi ƙungiyar a 1973. Attajiri ne mai son nasara, amma ba shi da haƙuri ko na anini. Billy Martin kaɗai sau biyar ya ɗauke shi aiki, kowane karo kuma da rigima suke rabuwa. Dick Howser ya ci wasa 103 a 1980, amma da Kansas City Royals ta fitar da su kafin wasan ƙarshe, aka tilasta masa barin aiki. Howser ya koma Royals ɗin, ya ci musu kofi a 1985.

Abin da ya fi ciwo shi ne na Yogi Berra, wanda ya yi wa Yankees wasa shekara da shekaru, magoya baya ke ƙaunarsa. Wasa 16 kacal aka buga a 1985 aka sallame shi daga aikin koci, kuma Steinbrenner bai ma faɗa masa da bakinsa ba, aike ya yi. Berra ya ƙaurace wa filin Yankees shekara 14, sai da Steinbrenner ya taka ƙafa ya je ya roƙi gafararsa a 1999.

Me wannan gaggawa ta haifar? Bayan kofin 1978, ƙungiyar ba ta sake ɗaga kofi ba sai 1996. A 1990 hukumar wasan ta hana Steinbrenner gudanar da ƙungiyar, kuma a wannan tsakanin ne jami'in ƙungiyar Gene Michael da koci Buck Showalter suka samu sararin gina ta, aka reni matasa irin su Derek Jeter da Mariano Rivera maimakon a yi musayarsu. Da Joe Torre ya zo a 1996, mutumin da ƙungiyoyi uku suka taɓa kora, ya yi shekara 12 a kujerar, ya ci kofi huɗu.

Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa. Ya kai mai ƙungiyar ƙwallo, ko mai makaranta, ko mai kamfani: ka yi dogon nazari kafin ka naɗa mutum, in ka naɗa shi ka ba shi lokaci, ka kare masa mutunci a gaban waɗanda yake shugabanta. In kuma rabuwa ta zama dole, ka faɗa masa da bakinka.