FILIN WASAN KWAMFUTA: Wanda ya riga kama fili shi ke da daula

Duk mai kallon finafinan Turawa ya san Sean Bean, ɗan wasan Ingilan nan da ya fito a Boromir cikin The Lord of the Rings a 2001, ya kuma fito a Ned Stark cikin Game of Thrones. An san shi da abu guda: da wuya ya kai ƙarshen fim ba a kashe shi ba. To, muryar wannan bawan Allah ce ke yi wa mutum maraba in ya kunna Civilization VI, wasan gina daula da kamfanin Firaxis ya fitar a 2016. Abin dariyar shi ne, da yawa daga cikin samarin da ke gwada wasan a matakinsa mafi tsanani, irin ƙarshen Sean Bean ɗin suke yi. Tun labari bai yi nisa ba an gama da su.

Ga wanda bai san shi ba, wasan yi-in-yi ne kamar dara. Ɗan wasa ya motsa mutanensa a kan taswira mai gurabe, ya danna, sannan kwamfuta ta motsa nata. Ana farawa ne a shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da ayari guda na masu kafa gari da mayaƙi guda. Na farkonsa ya fito tun 1991, daga hannun Sid Meier. Na shida yana da matakan wahala 8. A matakin Prince ba a fifita kowa. Amma a na ƙarshe, wato Deity, kowace daular kwamfuta kan tashi da ayari 3 da mayaƙa 5, ga ƙarin ƙarfi 4 a duk arangama, ga garuruwanta sun fi saurin aiki da ilimi. Kafin mutum ya gama kafa bukkarsa, maƙwabcinsa na da gari uku. Tirƙashi!

A nan ne sabon shiga ke tafka kuskure. Da ya ga hoton Dalar Masar a jerin abubuwan ginawa, sai idonsa ya rufe. Ya kwashe zagaye kusan talatin yana ɗora dutse, saura ƙiris ya gama, sai sanarwa ta faɗo wai wata daula ta riga shi. Ya waiga, ashe duk bakin kogin da ya yi niyyar zama an kafa masa tuta. Daidai yake da furodusan da ya zuba jarinsa kaf a waƙa ɗaya da kayan sawa, ya manta da kuɗin edita.

Gaskiyar magana, abin da ke ƙarewa a wasan nan fili ne. Ilimi ana iya kamo kwamfuta a tsakiyar wasa, kuɗi ma haka. Amma filin da aka riga mutum, sai da yaƙi. Kuma kowane gari yana zuwa da nasa wurin gina makaranta da kasuwa, don haka mai gari goma ya fi mai gari uku komai kyansu. Sarkin yawa dai ya fi sarkin ƙarfi.

Saboda haka gwanaye kan fara da ɗan leƙen asiri don ya gano inda ruwa da maƙwabta suke, sai mai majajjawa, sannan ayari. Ba a iya fitar da ayari sai mutanen gari sun kai 2, kuma in ya fita yakan rage wa garin mutum 1. Na farko yana cin aiki 80, kowane na gaba kuma ya fi na baya tsada. Shi ya sa ake rige-rigen kaiwa ga darasin mulki da ake kira Early Empire, wanda ke buɗe katin Colonization mai ƙara saurin haɗa ayari da kashi 50 cikin ɗari. In jama'ar daula suka kai 6, darasin kan zo da wuri. Mai ƙarin Rise and Fall na 2018 kuwa yana da gwamna Magnus, wanda in an ƙara masa girma, ayari kan fita ba tare da garin ya ragu ba.

Sai dai fa a bi a hankali, domin kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Ayari ba shi da makami. In ya fita ba rakiya, maharan daji ko maƙwabci su cafke shi, wahalar zagaye goma sha ta tafi a banza. Haka in ɗan leƙen asirin mahara ya hango gari ya koma sansaninsu, to a shirya, suna tafe. Mai majajjawa in ya kashe abokin gaba guda, ilimin baka da kibiya kan zo da sauri, kuma maharba uku ko huɗu a kan tudu sun isa su wahalar da rundunar da ta fi su yawa.

Wurin zama ma ba a zaɓensa da ka. Garin da ke bakin kogi ko tafki yana farawa da masaukin mutum 5, na bakin teku 3, na fako kuwa 2 kacal. Dole kuma a bar gurbi 3 tsakanin gari da gari. Dabara ita ce a fara kama filin da ke tsakanin mutum da maƙwabcinsa, na bayan gida ya jira, tunda ba mai zuwa ɗauka. Amma in aka matsa har gindin babban birnin wani, a Rise and Fall mutanen sabon garin kan yi tawaye, daga baya ma su koma wajen maƙwabcin. An yi wa wani aiki kenan.

Kowane Civilization da irin takunkumin da yake sa wa mai haɗama. A na huɗu, na 2005, kuɗin riƙon garuruwa ne ke cinye baitulmali har ilimi ya tsaya. A na biyar, na 2010, fushin talakawa ne, shi ya sa da yawa kan tsaya a gari huɗu. Na bakwai, wanda ya fito a Fabrairun 2025, ya yanka wa kowa iyakar garuruwan da zai riƙe, in ya wuce jama'a su ɓata rai. A cikinsa ne kuma aka sa Sarauniya Amina ta Zazzau a jerin shugabannin da ake zaɓa. Wanda ya kalli fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wanda ya hau Netflix a 2021, yanzu ga fili ga mai doki.

Don haka duk wanda zai zauna gaban kwamfuta a daren nan, ya bar Dala tukuna. Ya leƙa, ya tsare gida, ya tura ayari da ɗan rakiya, ya sake tura wani. In an ci shi a karon farko ba abin kunya ba ne, ko Boromir ma sai da ya sha kibiya uku kafin ya faɗi.

Sai a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.