Wa Ya Gina Gidan? Tsokaci Kan Mutuwar Aure Da Rabon Dukiya

Kafin in shiga maganar da ta sa na ɗauki biro, ina roƙon masu karatu su yi mini uzuri idan sun ci karo da tuntuɓen harshe. Ni Bayarabiya ce haifaffiyar Ibadan. Hausata a bakin 'yan kasuwar Sabo na fara tsintar ta, sannan malamanmu na wannan sashe suka yi ta goge ta har ta kai inda take yau. Haka kuma ni ba ɗalibar lauya ba ce. Abin da ya faru a gidanmu shi ya tura ni karanta dokokin aure.

Ina da inna, ƙanwar mahaifiyata, wadda ta yi shekara 19 a ɗakin mijinta. Kirista ce, domin gidanmu irin gidajen Yarabawan nan ne da ake samun addini biyu a tsakar gida ɗaya. Atamfa da leshi take sayarwa tun tana budurwa. Aurensu na gargajiya ne: dangin miji suka kawo doya da goro da zuma da gishiri da citta, ango da abokansa suka kwanta ƙasa suka gaida iyaye, aka miƙa kuɗin da muke kira owo ori, kakana ya mayar musu da shi nan take, ya ce shi ba sayar da 'yarsa zai yi ba. Ba a je rajista ba, ba a kuma rubuta komai ba.

Gidan da suka zauna a ciki a kan idona aka gina shi. Sau biyu Inna tana kwasar adashe, wanda mu muke kira ajo, ta danƙa wa mijinta kuɗin gaba ɗaya. Da na farko aka sayi bulo, da na biyu aka sayi kwanon rufi. Ita take dafa wa birkiloli abinci, mu yara muna ɗebo musu ruwa. A shekarun da albashinsa yake ƙarewa a wajen siminti, ita ta riƙe cefane da kuɗin makarantar yara huɗu. A 2021 zama ya ƙi daɗi bayan ya yi mata kishiya, ya kai ƙara kotun gargajiya, a zama uku aka raba auren. Da ta ta da maganar gida, tambaya ɗaya aka yi mata: ina takarda? Takardar fili sunansa ne a kai. Rasit ɗin bulo da na kwano su ma sunansa ne, tunda shi ya je ya biya. Haka ta dawo gidan mahaifiyata da jakar Gana-mas-go guda biyu da ragowar atamfar shago.

Na daɗe ina ganin baƙin waɗanda suka yanke hukuncin. Da na zauna na karanta, sai na gane ba su kauce wa hanyar da manyan kotuna suka shimfiɗa ba, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, aure iri uku ne doka ta sani a Nijeriya, kuma irin wanda aka ɗaura maka shi zai nuna kotun da za ka je da abin da za ka iya nema ranar rabuwa. Na farko shi ne auren rajista, ko na cocin da gwamnati ta ba lasisi, wanda ake ɗaurawa bisa Dokar Aure ta 1914. Babbar Kotun Jiha ce kaɗai take raba shi, a ƙarƙashin Dokar Ƙararrakin Aure ta 1970. Dalili ɗaya wannan doka ta yarda da shi, wato auren ya lalace yadda ba zai gyaru ba, sannan ta jera hanyoyi takwas na tabbatar da haka, kamar zina da gudun gida na shekara ɗaya da zaman rabe na shekara uku. Ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara biyu sai da izinin kotu, kuma ko an yanke hukuncin farko sai an jira wata uku kafin rabuwa ta tabbata. Sashe na 70 ya yi maganar ciyarwa, na 71 riƙon 'ya'ya, na 72 kuma ya ba alƙali ikon raba dukiya yadda ya ga ya dace da adalci. Sai dai kuma sashe na 69 ya faɗa ƙarara cewa wannan gata bai shafi auren gargajiya da auren Musulunci ba. Ke nan tun ranar da aka kawo doyar nan aka rufe wa Inna ƙofar sashe na 72, ita kuwa tana can tana rawa ba ta sani ba.

Na biyu shi ne auren gargajiya, wanda mutuwarsa ba ta da wuya. A wurare da dama mayar da kuɗin aure ne yake warware shi, mace ta kwashe tufafinta da kayan girkinta ta tafi. Na uku shi ne auren Musulunci, zan dawo kansa.

Shari'ar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Amadi da Nwosu, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1992. Wani mutum ne ya sayar da gidansa a Owerri, matarsa ta auren gargajiya ta ƙi tashi, ta ce tare suka gina shi, ita ta biya kuɗin leburori da yashi. Kotu ta ce ba ta kawo bayanin nawa ta kashe ba, saboda haka ba ta tabbatar da cewa tana da rabo ba. Ta rasa gidan. Ko a auren rajista ma, inda alƙali yake da damar duba adalci, sau da yawa tambayar ita ce nawa kika zuba, ina shaidarki. Gaskiya akwai hukunce-hukuncen da suka sassauta, kamar shari'ar Kafi da Kafi ta 1986, inda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi la'akari da taimakon da matar ta yi wa mijinta a kasuwancinsa da kula da gine-ginensa. Amma wannan ya danganta da alƙalin da Allah ya haɗa mace da shi, ba haƙƙi ba ne da aka rubuta mata baƙi da fari.

A nan ne nake ganin dokarmu ta yi kuskure. Tana auna zaman aure da ma'aunin da ake auna cinikin baƙi biyu a kasuwa. Wace mace ce za ta miƙa wa mijinta kuɗin adashe da dare sannan ta ce ya sa mata hannu a takarda? Ranar da ta yi haka, kafin gari ya waye dangi sun taru a kanta ana cewa ba zama ta zo yi ba. Al'ada ta hana ta neman rasit, kotu kuma ta ce sai da rasit. Bugu da ƙari, akwai gudummawar da ba ta da rasit ko an so a rubuta. Buhun garin da Inna ta saya shi ya ba mijinta damar sayen buhun siminti. Garin an cinye shi tuntuni, simintin yana nan tsaye da sunan mutum ɗaya.

Wasu ƙasashe sun gane wannan. A Ingila, a shari'ar White da White ta 2000, kotun ƙolinsu ta lokacin ta ce ba za a fifita mai nemo kuɗi a kan mai riƙe gida ba. Kada a ce wannan sai Turawa: Kenya ta yi doka a 2013 wadda ta lissafa aikin gida da renon yara a cikin gudummawar da ake dubawa wajen rabon dukiyar aure, Kotun Ƙolin Gana ma ta bi hanya mai kama da wannan a shari'ar Mensah da Mensah ta 2012. Mu kanmu Nijeriya mun amince a 2004 da Yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin matan Afirka, wadda sashenta na 7 ya ce idan aure ya mutu a raba dukiyar da aka tara tare bisa adalci. To amma sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Sa hannu a Abuja bai mayar wa kowa da kwanon rufinsa ba.

Da na kawo wannan magana a ajinmu bayan darasin fassara, wani ɗan'uwa Bahaushe ya ce mini, “Malama, wannan matsalarku ce ta Kudu, mu Musulunci ya riga ya gama mana komai.” Ta wani ɓangaren yana da gaskiya. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan Shari'a na ƙasar nan suke bi, sadaki na mace ne ita kaɗai, dukiyarta tata ce, miji ba shi da iko a kanta. Idan ya sake ta saki na kome, ci da sha da wurin kwananta suna wuyansa har ta gama idda, mai ciki kuwa har ta haihu. Uwa ce ta fi cancanta da riƙon yara, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, muddin babu abin da ya kayar da wannan haƙƙi, uba kuma shi ke ciyar da su. Akwai ma kyautar sallama da ake kira mutu'a, wadda malaman Malikiyya suka ce mustahabbi ce. Da Inna ta sami rabin wannan da ba ta yi kukan da ta yi ba.

Amma na tambaye shi: mace nawa ka sani da ta yi iddarta a ɗakinta? Nawa ka sani da aka ba mutu'a? Ya yi dariya bai amsa ba. Sannan tambayar gidan tana nan daram. Tunda dukiyar mace tata ce, kuɗin ƙuli-ƙuli ko na ɗinkin hula da ta ba miji ya yi rufi, ko dai bashi ne, ko tarayya, ko kyauta. Ranar rabuwa shi zai ce kyauta ce, ita ta ce bashi ne, alƙali ya nemi shaidu, shaidu kuwa babu, domin a ɗaka aka yi. Ga kuma wani ƙarin nauyi a kan Musulmar Kudu maso Yamma, Bayarabiya ce ko Bahaushiyar Sabo. Jihohi irin su Oyo da Legas ba su da kotunan Shari'a na gwamnati. Akwai kwamitocin sulhu na Shari'a masu zaman kansu da aka kafa a Ibadan da Legas tun farkon shekarun 2000, amma sai wanda ya ga dama yake zuwa, kuma ba su da ikon tilasta wa kowa. Mijin da ya ƙi zuwa, sai dai a kai shi kotun gargajiya.

Wani kuma ya ce abin da nake nema zai sa mata su riƙa aure don su kwashe rabin dukiyar maza. Ban ce a raba komai biyu ido rufe ba. Gidan da mutum ya gada, ko ya gina tun kafin aure, nasa ne. Wadda ta yi wata takwas ta fita ba daidai take da wadda ta yi shekara 19 ba. Abin da nake cewa shi ne, dukiyar da aka tara a cikin zaman aure, doka ta ɗauka tun farko cewa kowa yana da hannu a ciki, wanda ya ce ba haka ba shi ya kawo hujja. Kuma wannan kariya ta haɗa da auren gargajiya, wanda ɗimbin iyayenmu suke ciki. Namijin da ya zuba jarinsa a shagon matarsa da sunanta shi ma zai amfana.

Maganar ciyar da yara ma abin a duba ce. Tun a shari'ar Okwueze da Okwueze ta 1989 Kotun Ƙoli ta nuna cewa ko a gargajiyance ba za a ba uba yara ba idan hakan zai cutar da su, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ita ma ta sa maslahar yaro a gaba da komai. A kan haka aka bar wa Inna ƙananan yaran biyu, aka yanke wa uban naira 20,000 a wata. Ya biya wata uku ya daina. Ko da ya ci gaba da biya, bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci sun yi tashin gwauron zabi, kuɗin da aka yanke kuwa yana nan inda yake. Kafin a ƙara shi ko a tilasta wa uban sai ta koma kotu, ta rufe shago, ta biya kuɗin mota, wataƙila a ɗaga zaman. Ta lissafa ta ga asarar ta fi ribar, ta haƙura. Sai daga baya muka ji cewa akwai Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta gwamnatin tarayya, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, waɗanda suke taimaka wa marasa hali kyauta. A lokacin da muke bukatarsu babu wanda ya faɗa mana.

Wannan ya kawo ni kanmu, mu ɗaliban harshe. Duk dokokin da na ambata da Turanci suke, Turancin ma irin na lauyoyi. Na gwada fassara sashe na 69 zuwa na 72 da Hausa da Yarabanci, na sha wuya ƙwarai, kalma ɗaya sai ta cinye mini yini guda. Amma da na karanta wa matan layin su Inna a kasuwa, sai ga tambayoyi kamar ruwan sama. Wata ta ce ita a coci aka ɗaura nata, ashe ba ta taɓa sanin ko cocin yana da lasisi ba, ko takardar da take ɓoye a ƙasan akwati ta gwamnati ce ko ta fasto kawai. Ina ganin ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa za ta iya haɗa kai da 'yan tsangayar lauya mu fitar da ɗan littafi mai shafi goma, mu kai Sabo.

Bara Inna ta sake kwasar adashe ta sayi rabin fuloti a bayan gari. Ranar da za a rubuta takarda ta sa na bar lacca na raka ta. Ta ce in karanta mata sunan da ke kai, na karanta, ta ce in sake. Babban ɗanta ya ce a sa nasa sunan tunda shi ne namiji, ta dube shi ta ce ya bari sai ya yi nasa adashen.