Raddi Ga Masu Cewa Gona Ba Ta Rayuwa Sai Da Jiƙon Taki

Magana ce ta taso daga Amurka, a bakin almajiran Dakta Elaine Ingham: wai ƙasar noma ta mutu, kuma ba abin da zai farfaɗo da ita sai jiƙon taki. A zuba ruɓaɓɓen taki a ganga, a sa injin hura iska ya yi ta motsa shi kwana ɗaya ko biyu, a tace, a fesa.

Tun daga tushe maganar ta karye. Sun ɗauka ƙasa ƙarancin ƙananan halittu take yi. Haba jama'a! Giram guda na ƙasa mai kyau yana ɗauke da bakteriya daga miliyoyi har zuwa biliyan. Yunwa ce ke damun su, da fari, da zafin rana. Ka tono ƙarƙashin tarin karan dawa da ya kwana biyu a gona, ka ga danshi, ka ga farin zaren naman gwari, ka ji ƙamshin ƙasa. Wa ya fesa musu jiƙo? Abinci suka samu, suka hayayyafa. Su kuwa na ganga, baƙi ne da suka tarar da masu gida sun cika ko'ina, yawancinsu ba sa daɗewa. Abin takaicin ma, ɓangaren takin da ke gina ƙasa shi ne tukar da ake tacewa a ajiye gefe.

A Rothamsted ta Ingila, tun 1843 ake zuba takin dabbobi a wasu filayen alkama na gwaji, ƙasarsu kuma ta ƙara ƙarfi ba tare da ganga ko injin ba. Manoman karkarar Kano ma da mangalar taki a kan jaki suka riƙe gonakinsu shekara da shekaru.

Sai batun cewa jiƙon maganin cutar ganye ne. Linda Chalker-Scott ta Jami'ar Jihar Washington ta bi gwaje-gwajen da aka yi a kai, ta tarar sakamakon ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Akwai kuma haɗari. A 2007 Ingram da Millner, masu bincike na ma'aikatar gona ta Amurka, sun nuna cewa kayan ƙarin da ake zubawa a jiƙon suna iya sa ƙwayoyin cutar E. coli da Salmonella su hayayyafa. Wannan ne za a watsa wa latas?

Sun ce yana da araha. Da kuɗin injin da na wuta?

Manomi, ka zuba takinka gaba ɗaya, ka rufe ƙasa da kara da ganye, ka daina ƙone shara a gona.