Kafin ki ce yarinya ta lalata kwamfuta

Satin da ya wuce na samu hutu daga asibiti, na leƙa ƙauyenmu da ke bayan Dambatta. Tun daga zaure na jiyo muryar Yaya tana faɗa. A tsakar gida na tarar da 'yarta mai shekara 16 ta haɗa kai da gwiwa, gabanta wata 'yar kwamfuta da ba ta fi katin ATM faɗi ba.

Sunanta Raspberry Pi. A Ingila aka fara fito da ita a shekarar 2012, domin yara su koyi kwamfuta da kuɗi kaɗan. Kawun yarinyar ne ya kawo mata daga Kano, ya zuba mata karatu a ciki, tunda jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Ba ta da allo, ba ta da madannai. Ta wayar uwarta take shiga cikinta, ta wata hanya da ake kira SSH, wato ki ba kwamfuta umarni daga wata na'urar. Kwana uku ke nan ta ƙi buɗuwa, Yaya kuma ta yanke hukunci: an lalata, babu sauran taɓa mata waya.

Ni ba injiniya ba ce, amma aikin jinya ya koya mini kada a rubuta magani kafin a duba mara lafiya. Ga yadda muka bi, ko ke ma wata rana za ki buƙata.

Da farko ki duba wuta. Jar fitilar da ke jikinta ya kamata ta tsaya cak. Idan tana ƙiftawa ko ta mutu, wutar ba ta ishe ta ba. Raspberry Pi 4 tana son caja mai bolt 5 da amfiya 3, kuma cajar ƙaramar waya ba ta kai haka ba. Masu sola ku lura, da asuba batir ya riga ya yi sanyi, musamman a hunturu da ƙura ke rufe faifan. A gwada da hantsi.

Na biyu, ki tabbatar wayar da kwamfutar suna kan layi ɗaya. Idan da hotspot ɗin wayarki ake haɗawa, buɗe shi ki ga jerin na'urorin da suka hau. In babu sunan kwamfutar, to ba ta ma iso ƙofa ba. Tsofaffin samfura irin su Pi Zero W layin 2.4GHz kawai suke gani, don haka kada a bar hotspot a kan 5GHz.

Na uku, adireshi. Kwamfutar na samun lamba ne daga wayar, kuma lambar kan sauya bayan an kashe an kunna. Yaro ya haddace ta jiya, yau yana ƙwanƙwasa gidan da babu kowa. A sake duba lambar kafin a rubuta.

Na huɗu, a karanta saƙon da ya fito, domin kowanne da ma'anarsa. “Timed out” na nufin ba a same ta ba sam, a koma mataki na biyu da na uku. “Connection refused” na nufin tana nan amma ƙofar SSH a rufe take. Tun ƙarshen 2016 a rufe take zuwa, sai an saka fayil marar komai mai suna ssh a katin memori. “Permission denied” kuwa suna ne ko kalmar sirri ba daidai ba. Daga Afrilun 2022 sababbin manhajojinta sun daina zuwa da tsohon sunan nan pi, kowa nasa yake zaɓa.

Mu a mataki na biyu muka kama ɓarawon. Yaya ce da kanta ta sa aka canza mata kalmar sirrin hotspot ranar Lahadi a kasuwar Dambatta, saboda yaran maƙwabta na shanye mata data. Kwamfutar kuwa tsohuwar kalmar ta sani. Muka mayar da ita na minti biyar, yarinyar ta shiga ta saka sabuwar, shi ke nan. Yaya ta yi shiru, can ta ce, “To ai sai ki zo ki ci tuwo.” Kun san ban haƙurin iyayenmu ke nan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwana ukun da yarinyar ta yi ba karatu, tana ɗauke da laifin da ba nata ba. Da ban zo ba, da wataƙila an jefa abin a ƙasan adaka, ita kuma ta ɗauka hannunta ba ya yi wa na'ura kyau.

Gargaɗi biyu kafin mu rabu. Kada a fizge caja tana aiki, a kashe ta da umarni tukuna, in ba haka ba katin memori na iya lalacewa da duk abin da ke ciki. Sannan kada kalmar sirri ta zama sunan yaro ko 1234.

Wacce ta taɓa yi wa ɗanta hukunci kan na'ura daga baya ta gano ba laifinsa ba ne, ta ba mu labari a ƙasa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.