Wasan Bidiyo: Ƙofa Aka Buɗe Ko Tarko Aka Ɗana?

Mun sani sarai akwai waɗanda za su ce, me ya kai jarida irin wannan ga ɓata takarda a kan wasan yara, alhali ga manyan al'amura jibge suna jira? To, ya ku masu karatu, ku yi mana haƙuri ku saurara. Abin da a ke kira wasan bidiyo, wanda samarinmu su ke ce wa gem, ya daɗe da fita daga hannun yara. Kuɗin da a ke samu da shi a duniya kowace shekara sun fi na gidajen sinima da na cinikin waƙoƙi in an gama su wuri ɗaya, kuma wajen rabin kuɗin nan daga wayar hannu su ke fitowa, watau irin wadda ke cikin aljihun mai karanta wannan shafi. Masu wannan ciniki kuwa kullum maganarsu ɗaya ce, wai suna so wasan ya game kowa da kowa, mace da namiji, tsoho da yaro, mai hali da talaka. Tun da har talaka ya shigo cikin lissafinsu, ashe magana ta zama tamu.

Mu dai tun farko mu faɗi inda mu ka tsaya. Muna goyon bayan a buɗe ƙofar wasan nan ga kowa. Ba mu ga dalilin da zai sa abin nishaɗi ya zama gadon samari 'yan gata su kaɗai ba. Amma fa hanyar jawo jama'a iri biyu ce, kuma ba mu yarda a rufe mana ido a ce duk ɗaya ne ba.

Da farko ma wa ya rufe ƙofar? Ai ba a rufe aka haifi abin ba. A 1972 da kamfanin Atari na Amurka ya fito da Pong, a wata mashaya aka fara ajiye shi, kowa ya zo ya jefa kwabonsa ya buga, ba sai an koya masa ba. Da ɗakunan wasa su ka cika da wasannin harbe-harbe, mata su ka ja baya, sai wani saurayi ma'aikacin kamfanin Namco a Japan, Toru Iwatani, ya zauna da niyya ya ƙago wasan da mata za su so. Shi ne Pac-Man na 1980, wanda babu bindiga a cikinsa, sai ci da gudu. Ya kuwa karɓu ƙwarai. Amma a 1983 kasuwar wasan ta rushe a Amurka, masu kantuna su ka yi rantsuwa ba su ƙara taɓa shi. Da Nintendo ya zo da akwatinsa a 1985, sai ya shigar da shi da sunan kayan wasan yara. Kantunan kayan wasan yara kuwa a rabe su ke, ga ɓangaren maza ga na mata. Aka ajiye akwatin wajen maza, aka yi ta talla da fuskokin yara maza shekara da shekaru, har duniya ta ɗauka haka Allah ya yi shi. 'Yan talla ne su ka gina katangar nan, ba halitta ba ce.

Bayan wannan sai wasan ya yi ta ƙara wuya. Abin da a ke riƙewa a hannu a sarrafa akwatin 1985, maɓallai biyu ne na bugu, da gicciye na nuna hanya. A shekara ta 2000, na PlayStation 2 ya haura maɓalli goma, ga kuma sanduna biyu na babban yatsa. Wanda ya tashi da abin tun yana ƙarami ba ya ganin wuyarsa. Amma a miƙa wa dattijo ko uwar gida, sai su juya shi su ajiye, kamar an ba mutumin da bai taɓa hawan keke ba tuƙin jirgin sama. Kamfanoni kuwa suna ta tsere a kan kyan hoto da ƙarfin inji, suna sayar wa mutanen da su ka saya bara, kuɗin yin wasa ɗaya yana ta hauhawa.

Mutumin da ya tsaya ya ce wannan hanya ba ta ɓullewa shi ne Satoru Iwata, wanda ya zama shugaban Nintendo a 2002. Kamfanin nan tsoho ne, tun 1889 ya ke a birnin Kyoto, da katin wasa na takarda ya fara, saboda haka watakila bai manta ba cewa wasa abin dukan gida ne. Iwata ya ce aikinsu shi ne su ƙara yawan masu wasa, su nemo waɗanda ba su taɓa yi ba da waɗanda su ka bari. A 2004 su ka fito da Nintendo DS, ɗan ƙaramin abu mai fuska biyu, ana taɓa ɗaya da tsinke kamar mai rubutu a allo. A 2005 su ka sa masa wasan kiwon kare, da wani na lissafi da karatu da aka gina a kan aikin wani malamin jami'ar Tohoku, Ryuta Kawashima. Tsofaffin Japan da ba su taɓa kallon gem ba su ka shiga layi suna saye. A nan sai mu ɗan ratse: maganar cewa irin wasannin nan suna ƙara kaifin ƙwaƙwalwa ba ta tsaya da ƙafarta ba, don a 2010 an gwada mutum fiye da 11,000 a Ingila, aka tarar sun ƙware a wasan da su ke yi ne kurum, ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wani abu ba. Ko mai kyakkyawar niyya, in dai ɗan kasuwa ne, a riƙa auna maganarsa.

Sa'an nan a ƙarshen 2006 Wii ya fito. Abin riƙewarsa an yi shi da siffar rimot ɗin talabijin, don ba gidan da a ke tsoron rimot. In za ka bugi ƙwallo, hannunka za ka wurga kamar da gaske. Akwatin kuwa ƙarami ne, ba ƙara, ba shan wuta, don an yi shi ne yadda uwar gida ba za ta ƙi ganinsa a falo ba. Kuɗinsa dala 250 a Amurka, sa'ad da PlayStation 3 ya ke dala 500 zuwa 600. Masana su ka yi ta dariya, su ka ce injinsa rarrauna ne. Ƙarshenta an sayar da Wii fiye da miliyan 100, DS kuwa fiye da miliyan 150. Har gidajen kula da tsofaffi a Amurka da Turai aka riƙa shirya gasa da shi, masu shekara tamanin suna wasa da jikokinsu.

Wannan ita ce hanya ta farko, kuma ita mu ke yaba wa. Aka dubi abin da ke hana mutum shiga, aka kawar da shi, aka faɗi kuɗi a fili, ya biya sau ɗaya, kayan ya zama nasa. A kan wannan hanya ne kuma Microsoft ya fito a 2018 da abin sarrafawa na musamman domin naƙasassu, wanda mai hannu ɗaya ko mai wasa da ƙafa zai iya haɗa shi yadda ya dace da jikinsa.

Ba kowa ya yi murna ba. Wasu tsofaffin 'yan wasa su ka ɗauki abin kamar an shigo musu gona, suna cewa sababbin nan ba 'yan wasan gaske ba ne. A 2014 abin ya kai ga wasu gungu a intanet su ka tasar wa mata masu ƙera wasanni da masu sharhi a kansu da zagi da barazanar kisa, har wasu su ka bar gidajensu. Mun san irin wannan hali, ba a wasa kaɗai a ke yinsa ba. Duk wanda ya daɗe shi kaɗai a kan tabarma, in an ce ya matsa, sai ya ce za a ɓata tabarmar. Ba mu da abin ce musu sai dai su matsa.

To, amma jama'ar da Iwata ya tara ba su zauna wurinsa ba. Da ya fito da Wii U a 2012, bai sayar da ko miliyan 14 ba. Ina su ka tafi? Wayar hannu ta kwashe su. Mu nan ma shaidu ne, gama tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, mutane da yawa da ba su taɓa shiga gidan gem ba sun yi wasan maciji a Nokia, daga ɗan achaba har hajiya a cikin gida. Waya ta yi abin da Nintendo bai iya ba, ta kai wasa ƙauyen da ko wutar lantarki babu. Sai dai a wayar ne hanya ta biyu ta yi ƙarfi, watau ta masu tarko.

Ga yadda a ke ɗana shi. A ba ka wasa kyauta, ko anini ba ka biya ba. Matakan farko masu sauƙi ne, kana ta ci, ana ta yi maka kiɗa da walƙiya. Sai ka kai wani wuri inda aka tsananta da gangan, ka fāɗi, ka sāke fāɗi, a ce damarka ta ƙare, ko ka jira rabin sa'a ko ka biya 'yan kuɗi kaɗan. Kuɗin ma ba a nuna maka su da naira ko dala, sai an canja maka su zuwa wasu duwatsu ko zinariya ta ƙarya, don kada ka riƙa lissafi. Mafi yawan mutane ba su biya, amma 'yan kaɗan da abin ya kama su suna zubar da dukiya mai yawa, kuma a kansu cinikin ya dogara. Masu sana'ar da kansu suna kiran irin waɗannan mutane da sunan ƙaton kifin nan na teku da a ke farauta. Wanda ya kira abokin cinikinsa kifi, ai ya gaya maka abin da ya riƙe a hannu. Candy Crush, wanda ya fito a 2012, ya shiga hannun mata da dattawa fiye da yadda Wii ya taɓa yi, kuma a 2016 aka sayi kamfanin da ya yi shi a kan dala biliyan 5.9. Wasan kyauta ke nan!

Wanda ya fi wannan muni shi ne akwatin sa'a. Ka biya kuɗi na gaske, a ba ka ƙunshi a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. In an cire ado, me ya raba wannan da caca? Hukumar caca ta ƙasar Beljiyam ta duba a 2018 ta ce caca ce, kuma a farkon 2019 kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin sayen ƙunshin 'yan ƙwallo na wasan FIFA a ƙasar. Wannan FIFA kuwa, wanda tun 2023 a ke kira EA Sports FC, shi ne dai samarinmu su ke kwana a kai. A Amurka, a watan Disamba na 2022, kamfanin Epic Games mai Fortnite ya yarda zai biya dala miliyan 520, kashi ɗaya tara ce saboda tattara bayanan yara ba da iznin iyaye ba, kashi ɗaya kuwa, dala miliyan 245, don a mayar wa mutanen da aka shirya musu maɓallai yadda za su sayi abu ba da niyya ba. Ba mu mu ka ƙaga ba, hukumar cinikin ƙasarsu ce ta kama su.

Za a ce mana, ai ba don wasan kyauta ba, da talakan Afirka bai taɓa samun shiga ba, tun da ba ya iya sayen akwatin dala 500. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma don mutum ba shi da kuɗin shiga ta ƙofa, ba shi ne zai halatta a shigo da shi ta rami ba. Ana iya ba da wasa kyauta a sayar da ƙarin matakai a kan kuɗi sananne. Ana iya sayar da riga ko hula ta ado wadda mai saye ya ga abin da ya ke saye. Akwai masu yin haka, kuma ba su mutu da yunwa ba.

Har wa yau, wannan "kowa da kowa" da a ke ta faɗa, mu tambaya, da mu a ciki? Manyan wasannin nan ana fassara su da harsunan Turai da na Asiya da Larabci, amma ba su jin Hausa, harshen mutum miliyoyi daga Kano har Damagaram har zangon Kumasi. Da yawansu sai da intanet mai ƙarfi da waya mai tsada, a ƙasar da a ke sayen data da awo, a ke kuma biyan kuɗin cajin waya a shago. Gidan gem na unguwa kuwa, kowa ya san ko su wane ne a ciki: samari ne zalla, yarinya ba ta taka wurin. Katangar da 'yan tallan Amurka su ka gina ta iske tamu ta gida, su ka haɗu su ka yi kauri. Ba kuwa don 'yan Afirka ba su iya ba ne. Leti Arts a Gana tun 2009 su ke, Maliyo Games a Ikko tun 2012, Kiro'o Games na Kamaru kuwa sun fito da Aurion a 2016. Ina namu na Arewa? Ga dara, ga langa, ga dambe, ga tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, kaya jibge ba mai ɗauka, alhali masu shirya finafinan Hausa sun riga sun nuna cewa jama'armu suna biyan kuɗi su ga kansu a allo.

Abin da mu ke nema ba mu ce a hana wasa ba. Ƙasar Sin ta bi hanyar ƙarfi a 2021, ta ƙayyade wa yara sa'a uku a mako a wasannin intanet, mu kuwa ba mu sha'awar gwamnati ta shiga ɗakin kowa da agogo. Amma hukumar da aka ɗora wa kare haƙƙin masu saye a ƙasar nan, wadda a ke biya da kuɗin talakawa, ta farka ta duba abin da Beljiyam ta duba tun 2018. A tilasta wa duk mai sayar da abu cikin wasa ya rubuta kuɗinsa da naira. A hana sayar wa yaro ƙunshin sa'a. A sa hanyar mayar da kuɗi ga uban da ɗansa ya danna maɓalli bai sani ba. Wakilanmu na majalisa kuwa, in sun koma zama, muna jiran mu ji wanda zai fara tashi da wannan magana, za mu kuwa buga sunansa a wannan shafi.