Ƙasar Gwandu Ba Hamada Ba Ce

Akwai mutanen da ba su taɓa taka Dalijan ko Kalgo ba, amma suna rantsuwa wai ƙasar Gwandu hamada ce, daga rairayi sai raƙuma. Ƙarya ce tsagwaronta, gani ya kori ji. Wace irin hamada ce Gulbin Kabi ya ke ratsawa, fadamarsa tana ba da shinkafa? A 1934 aka fara bikin kamun kifi na Argungu, dorina kuwa tana nan cikin Kwara wajen Yawuri. A 2020 ambaliya ce ta cinye shinkafar Jihar Kabi, ba fari ba. Wanda ya ɗauka hamada ce ba zai gyara magudana ba, balle ya hana gini bakin gulbi. Ran da ruwa ya zo, talaka ke kwana ciki.